Wa zai riƙe shi bayan raina?

Wani magidanci daga Kano, ma'aikacin gwamnati da ya kusa ritaya, ya aiko da tambaya. Ɗansa mai shekara 17 yana da galahanga, maganarsa kaɗan ce, bai san lissafin kuɗi ba, har yau mahaifiyarsa ce ke yi masa wanka. Magidancin yana da mata biyu, 'ya'ya tara da gidaje biyu, yana kuma so ya rubuta wasiyya ya bar wa yaron gidan da ke hannun 'yan haya.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka yi wannan tunani tun da sauran ƙarfinka. Sai dai wasiyyar nan ba za ta kai ka inda kake so ba. A shari'ar Musulunci, wadda da ita kotunanmu ke raba gadon Musulmi, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Ɗanka kuwa magaji ne. Ranar rabo, duk ɗan uban da ya ce bai yarda ba, sai an fitar masa da kasonsa, yaron kuma ba shi da bakin kare kansa.

Abin da zai tsaya shi ne kyauta, yanzu, kana da lafiyarka, domin kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Malikiyya sun karhanta uba ya ba wani ɗa dukiyarsa kakaf, amma wani yanki nata ya halatta, balle ga mai lalura irin wannan. Sharaɗin shi ne hauzi, wato abin ya fita daga mallakarka a zahiri. Uba yana iya riƙe wa ɗansa da bai iya juya dukiya ba, muddin an kafa shaidu kuma ba gidan da uban ke zaune ciki ba ne. Saboda haka gidan haya ya dace, amma daga ranar da ka yi kyautar, kuɗin hayar na yaron ne, a buɗe masa asusu daban, kada a zuba su cikin cefanen gida. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya mai mallakar, kuma sashe na 7 ya hana a mayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa. In kana tsoron wani ya sayar da gidan wata rana, ka yi wakafinsa: ba a sayarwa, ba a gadonsa, amfaninsa na yaron ne tsawon ransa, sannan ya koma inda ka ambata. Ni wannan na fi nutsuwa da shi.

Sai mutumin da zai riƙe. Shari'a ta ba uba ikon naɗa wasiyyi, wato wanda zai kula da yaron da dukiyarsa bayan ran uban. Ka zaɓe shi don amana da haƙurinsa da yaron, ba don shi ne babban ɗa ba, ka rubuta da shaidu biyu, ka sa wani ya riƙa duba lissafinsa duk shekara. Rubuta sunan mutum a takardar fansho a matsayin makusanci bai mai da shi wasiyyi ba. Ka kuma karɓi rahoton likita daga asibitin gwamnati, kamar na Malam Aminu Kano, domin shi alƙali zai nema kafin ya yarda cewa baligi yana buƙatar mai riƙe masa dukiya.

Kafin ka zo ofishin lauya, ka zauna da mahaifiyarsa ku rubuta abin da yake ci, ƙarar da ke firgita shi, magungunansa da wanda yake sakewa da shi. Sannan ka tara matanka da manyan 'ya'yanka su ji shirin daga bakinka.