Ana Gadon Kansar Mama?

'Yar'uwa daga Agege, kin ce kansar mama ce ajalin mahaifiyarki da ƙanwarta, kina tambaya ko ana gadonta. Allah Ya jiƙan su.

Ana gada, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai. Ƙwayoyin gadonmu suna jere a kan wasu zarurruka 46 da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, waɗanda ake kira kuromosom, kuma masana sun gano mazaunin biyu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da kansar mama: BRCA1 yana kan na 17, BRCA2 kan na 13. Aikinsu gyara DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, idan ta lalace. In aka gaji mai tawaya, gyaran ya yi rauni, haɗarin ya ƙaru.

Mutum biyu gida ɗaya, kada ki yi sakaci. Don Allah ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ki faɗa wa likita shekarun kowacce lokacin da ta kamu, musamman in ba ta kai 50 ba.