Muryar Yaya daga Manchester: amsar tambayar Auta

Assalamu alaikum 'yan gida. Auta, na saurari saƙonka, wai ko gaskiya ne Turawan Ingila kowa sai ya ɗaura niyyar wani abu a farkon shekara, kuma ko shi ne sirrin ci gabansu. Ni dai na gane inda ka dosa. Tahowa karatu za ka yi, kana son sanin yadda ake zama da mutanen nan. To buɗe kunne.

E, suna yi. Da an shiga Janairu za ka ji a wurin aiki, wannan zai rage ƙiba, wancan zai bar taba, waccan za ta fara tara kuɗi. Akwai ma wanda suke kira Dry January, wata guda cur ba giya, wata ƙungiya ce ta fito da shi a 2013, yanzu ya zama ruwan dare. Amma kar ka ɗauka faɗar bakin ce ke aiki. Kafin Fabrairu ta ƙare da yawa sun watsar. Ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, wa zai fita motsa jiki?

Kuma masu gidajen motsa jiki sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke ɗaure mutum da yarjejeniyar shekara. Ni akwai wani da na shiga, da na sauya unguwa na rubuta musu, na kira, na taka da ƙafata na je, suka ce an rufe. Wata ya ƙare, sai ga shi sun zare kuɗi daga asusuna. Wani watan ma haka. Yarinyar da ke kanta tana ta ba ni haƙuri da murmushi, kuɗina kuwa suna tafiya. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sai da na je banki aka toshe. Auta, duk takardar da aka miƙo maka a ƙasar nan, karanta ƙananan rubutun kafin ka sa hannu. To, ba ma wannan ba.

Abin da ke yi musu aiki shi ne sa rana da sa lokaci. Ka ga parkrun? Wani mutum, Paul Sinton-Hewitt, ya fara shi a 2004 a Bushy Park da ke Landan, da masu gudu 13 kacal. Yanzu duk Asabar, ƙarfe 9 na safe, a filayen shaƙatawa ko'ina a Ingila, ana gudun kilomita 5, kyauta. A Scotland tara da rabi ne, kar wani ya ce na faɗi ba daidai ba. Ni na Heaton Park nake zuwa. Za ka ga tsohuwa mai furfura, ga mai tura keken jariri, ga mai kare, ruwa na zuba, takalma duk taɓo. 'Yan sa kai ne ke riƙe da agogo, in ka gama a duba lambarka, kafin azahar sakamako ya shigo wayarka. Akwai ma mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya taho a bayan kowa, don kar a ce wane ne na ƙarshe. Wannan abin yana burge ni ƙwarai. In ka je sau 50 akwai riga, 100 ma akwai. Ba wanda zai yi maka wa'azi, Asabar ce kawai take zagayowa, kuma ka san mutane suna can.

Hukumar lafiyarsu, NHS, ita ma tana da manhajar da ke ɗaga mutum daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5 a mako 9, sau uku a mako. Ka ga ƙidaya ce dai da rana.

To haka zumuncinsu yake. Bature in ya ce maka ya kamata mu sha shayi wata rana, gaisuwa ce, kar ka kama hanya. Sai ya ciro waya ya ce Alhamis ƙarfe bakwai, to nan ne gayyata ta tabbata, ko da saura mako uku. Ba a faɗo wa mutum gida haka kawai. In an gayyace ka, kar ka riga lokaci, kar kuma ka shanya su. Riƙe ɗan cakulan ko fure. Faɗa musu tun da wuri ba ka cin alade, ba ka shan giya, za su shirya maka naka, ba sa jin haushi ko kaɗan.

In an tambaye ka lafiya, ka ce lafiya, ka tsaya nan. Kar ka tambayi albashin kowa. In zance ya ƙare, kama maganar ruwan sama. Layi kuwa, ko mutum biyu ne a tashar bas, bi bayansu, in za ka sauka ka yi wa direba godiya. In kun ci abinci a waje, kowa nasa zai biya, ba rowa ba ce.

Akwai maganar katin Kirsimeti da maƙwabta ke turowa ta ƙofa, ita ma da yadda ake mayarwa, amma bas ɗina ya iso, sai na sauka aiki. A gaida Hajiya.