Amsa ga Hajiya mai gidan abinci kan katin da ake zuba kuɗi a cikinsa

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kin ce kina da gidan abinci a bakin wata babbar makaranta, neman canji ya ishe ki, tiransifa kuma in sabis ya ɗauke sai ɗalibi ya cinye abinci ya wanke hannu alat bai shigo ba. Kin ji labarin wani kati da ake zuba kuɗi a cikinsa, a biya da shi ko babu intanet, shi ne kike tambaya ko zai iya maye gurbin takardun kuɗi da sulalla. Na yi aiki da irin wannan kati a wani banki a Legas a farkon shekarun 2000, aikina kai na'ura shaguna da koya wa masu shago yadda ake karɓar kuɗi da ita. Abin da na gani shi ne, katin yana aiki da kyau a keɓaɓɓen wuri inda mutane ɗaya ne ke zuwa kullum suna biyan ƙananan kuɗi. A buɗaɗɗiyar kasuwa kuwa tsabar kuɗi ce ta yi galaba a kansa, nan gida da ƙasashen waje.

Ki fara raba shi da katin ATM, domin nan mutane suka fi ruɗewa. Katin ATM makulli ne, kuɗin suna can banki, shi ya sa dole na'urar POS ta tambayi banki kafin ta sallame ki, in babu sabis sai jira. Wannan kuwa shi ne lalitar da kanta. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin katin, ko wanda aka binne a cikin robar, ƙaramar ƙwaƙwalwa ce mai riƙe lissafin abin da aka zuba. Mutum ya zuba dubu biyar, ya ci abincin dubu ɗaya da ɗari biyu, na'urarki ta cire daga katinsa ta ajiye a cikinta, nan take ta nuna masa saura dubu uku da ɗari takwas. Tsakanin katin da na'urar aka gama magana, banki bai ma sani ba. Sai an tashi kasuwa ki haɗa na'urar da banki ta sauke cinikin ranar gaba ɗaya a asusunki. Babu canji, babu jabun kuɗi, babu yagaggiyar ɗari biyu da aka liƙe da salatif, kuma yarinyar da ke karɓar kuɗi hannunta ba ya taɓa ko sisi. Wannan duk gaskiya ne, na gani da idona.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wancan lokacin akwai katuna irin wannan fiye da ɗaya a Najeriya, wanda ya fi suna shi ne Valucard, na haɗin gwiwar bankuna. Ni kuwa da wani kati daban na yi aiki. Akwai wani dattijo mai kantin kayan masarufi da na kai wa na'ura, ya karɓa da murna, na zauna na koya masa har ya iya. Da na koma duba shi, sai na tarar ya mayar da ita cikin kwalinta ya tura ƙarƙashin kanta, ya ɗora katan ɗin sabulu a kai. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaro, da asuba mai biredi zai zo, bayansa mai madara, duk kuɗi suke so a hannu. In cinikina yana cikin wannan akwatin, me zan miƙa musu?" Ban da amsar ba shi. Takardar kuɗi da zarar ta shigo hannunki ta zama abin kashewa: ki karɓa daga ɗalibi ki miƙa wa mai itace, shi ya miƙa wa mai kura, babu mai buƙatar na'ura, babu mai cire kamasho. Kuɗin kati sai sun bi ta banki kafin su koma kuɗin da za ki yi cefane da su. Ga kuma jan ƙafa ta ɓangare biyu, mai shago yana cewa ba zai ajiye na'ura ba sai masu kati sun yi yawa, mai saye yana cewa ba zai ɗaure kuɗinsa a kati ba sai shaguna sun yi yawa. Kowa na jiran kowa har abin ya mutu.

Kada ki ɗauka rashin wayewarmu ce ta jawo. A 1995 bankin NatWest da na Midland suka gwada wani kati mai suna Mondex a garin Suwindon na Ingila. Sun yi tunanin matsalar dattijon nan tun kafin ta zo, domin a tsarinsu ana iya tura kuɗi daga kati zuwa kati ta wata 'yar na'urar aljihu ba tare da an bi ta banki ba. An zuba kuɗi a harkar, kamfanin Mastercard ma ya sayi kaso mafi tsoka, amma jama'a ba su rungume shi ba. Holan ta fito da nata, Chipknip, a 1996, aka rufe shi a farkon 2015. Inda ya ɗan yi rai a can shi ne wurin ajiye motoci, da injinan sayar da lemo, da ɗakunan cin abinci na ma'aikatu da makarantu. Ki lura da wannan na ƙarshen, ya shafe ki. A Gana ma Babban Bankinsu ya ƙaddamar da e-zwich a 2008, mai aiki da zanen yatsa, wanda aka tsara don ya yi aiki har inda babu sabis. An yi amfani da shi wajen biyan alawus na masu yi wa ƙasa hidima da tallafin gwamnati, amma a cinikin yau da kullum tura kuɗi ta wayar hannu ne ya mamaye.

Inda katin ya ci kasuwa sosai shi ne harkar sufuri. Octopus na Hon Kon ya fara a 1997 a jiragen ƙasa da motocin haya, da kowa ya riƙe shi a aljihu sai ƙananan kantuna suka fara karɓa. Japan tana da Suica tun 2001, Landan tana da Oyster tun 2003. A Legas akwai katin Cowry na motocin BRT, wanda ake shiga jirgin ƙasa na cikin gari da shi. Ina amfani da shi in na je, ka ɗora kati a jikin na'ura ta yi ƙara ka wuce, babu rigimar canji da kwandasta. Dalilin nasarar a fili yake: hukuma ɗaya ce ke da dukkan na'urorin, mutane ɗaya ne ke hawa safe da yamma, kuɗin kaɗan ne, kuma akwai dogon layi da kowa ke son ya tafi da sauri.

Gidan abincinki ya fi kama da wannan fiye da kantin dattijon can, in har yawancin masu cin abincinki ɗalibai ne da kika san fuskokinsu. Shi ya sa ba zan ce miki a'a ba. Sai dai in ke kaɗai ce za ki karɓi katin, da wuya ɗalibi ya yarda ya kulle kuɗin makonsa a abin da ba ya sayen komai sai shinkafarki. Ki nemi mai kanti, da mai fotokwafi, da mai shayi, ku je wa hukumar makarantar da maganar tare. In katin yana biyan abinci da sabulu da buga takarda, iyaye da kansu za su so shi, domin sun san inda kuɗin ke tafiya.

Game da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya: da katin ya rage miki wahala a wurin karɓa, amma ba zai kai ki ga buhun shinkafa ba, tunda mai hatsi ba shi da na'urar. Kuma zuba kuɗi a katin shi kansa sai da tsabar kuɗi ko tiransifa.

In wani kamfani ya zo miki da tayin, abin da na fi so ki matsa a kai shi ne ɓatan kati. A tsarin asali, kati ya faɗi kuɗin sun faɗi, wanda ya tsinta ya ci, domin ba a neman lambar sirri a ƙananan ciniki. Na taɓa tsayawa gaban wata baiwar Allah da katinta ya ɓace da kuɗin cefanen wata a ciki, tana kuka, ni kuma babu abin da tsarin ya ba ni ikon yi mata. Har yau abin yana taɓa ni. Yanzu akwai tsare-tsaren da ke rajistar kati da sunan mai shi, a toshe wanda ya ɓata a mayar da ragowar kan sabo. Kada ki karɓi wanda ba haka yake ba, kuma ko da hakan, ki sa iyakar abin da ɗalibi zai iya zubawa. Ki tambaye su ranar da ciniki ke shiga asusunki, washegari ne ko sai bayan kwanaki, da nawa suke cirewa, da wanda zai ɗauki asara in na'ura ta lalace ko aka sace ta da cinikin yini a ciki ba a sauke ba. Ki ga lasisinsu na Babban Bankin Najeriya da idonki, domin kuɗin mutane za su riƙe.

Sai ragowar kuɗin da ke kan kati in ɗalibi ya gama makaranta ko an yi dogon hutu. Wannan amana ce, ba riba ba, ko naira hamsin ce. A rubuta tun farko yadda zai karɓi abinsa, a liƙa a bango inda kowa zai gani. Aljihun canjinki kuma ki bar shi yadda yake, saboda baƙo da direba da mai wucewa da ba su da katin, kuma da kuɗin da suka biya ne za ki sallami mai itace da mai kayan miya da safe.