Filin Tambaya da Amsa: Na canza salansa, babur ɗina ya fara harbi, in saka masa Power Commander?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah inada Kawasaki Ninja 650 ɗan Beljiyam, mai injekta ne ba kafireto ba, na cire salansar kamfani na saka wata mai ƙara don gaskiya ina son ƙugin nan, toh tun daga ranar in na saki totur sai ya riƙa harbi ta baya tas-tas-tas, kuma a cikin gari in ina tafiya a hankali sai ya dinga fizga. Wani abokina yace in sayi Power Commander in saka, wai fizgar zata tafi, gudu zai ƙaru kuma zai rage shan mai, har nasa an saya min a waje tana hanya. Zan iya ɗaurawa da kaina ko sai na kai wa mai wayarin? Kuma bazata ƙona min birenbos ba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zaka iya ɗaurawa da kanka in dai ka taɓa ɗaga tankin babur ɗinka, kuma bata ƙona birenbos matuƙar ka jona ta yadda takardarta ta ce. Amma cikin alkawura ukun da abokinka ya yi maka, na farko ne kawai zan sa maka hannu a kai. Gudu ɗan abin da zai ƙaru ba lallai ma ka ji shi a jikinka ba, maganar rage shan mai kuwa ka cire ta daga ranka tun yanzu.

Ga dalili. Birenbos, wato kwamfutar injin, ita ke lissafa tsawon lokacin da kowace nozul zata buɗe ta fesa mai, tana duba juyin inji, da yadda ka murɗa totur, da zafin iska da na injin. Ita wannan na'ura ta kamfanin Dynojet na Amurka bata taɓa abin da ke cikin birenbos ɗin, tsakani take shiga, kamar ɗan aiken da ke ƙara wa saƙo gishiri: birenbos ta ce a buɗe nozul kaza, ita kuma ta ƙara ko ta rage kafin saƙon ya isa. Shi ke nan aikinta. A lissafi, fetur yana ƙonewa tas ne in an haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1 a nauyi, kuma kamfanoni suna ajiye babur a nan wurin a ƙaramin gudu saboda dokokin hayaƙi na Turai da Amurka, alhali inji ya fi jin daɗi ya fi ja a wajen 13 da 1, wato in mai ya ɗan fi haka yawa. Kaga kenan yawancin gyaran da za'a yi ƙarin mai ne ba ragi ba, a wannan zamani da tun cire tallafin mai a Najeriya a 2023 kowa ke lissafin lita.

Sai maganar harbin nan, kuma a nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi a banza. Kawasaki, kamar sauran baburan Japan, yana da wani bawul da ke shigar da sabuwar iska cikin bututun hayaƙi don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa a can. Da ma can yana wannan harbin, salansar kamfani ce ke haɗiye ƙarar, da ka saka buɗaɗɗiya sai ka fara ji. Abu na biyu da ke kawo shi shine iska tana shiga ta mahaɗar salansa, musamman in wanda ya ɗaura maka ya maida tsohon gasket. Ka tada injin da sanyinsa ka kai hannu kusa da mahaɗar, in kaji iska na busowa ko kaga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin, toh ka fara da nan. Na'urar zata iya rage harbin amma bata liƙe ɓula.

Kuma kafin ta iso ka duba lafiyar babur ɗin kansa. Iyakilina, fulogi, matatar da ke jikin famfon mai, da nozul ɗin. Babur ɗan Beljiyam da ya sha ƙurar hunturu ya kuma sha man 'yan bumburutu, fizgarsa tana iya zama datti ne kawai a nozul, in ka ɗora na'ura a kan wannan sai ka yi ta canza lambobi kana zagin Dynojet alhali ba laifinsu.

Toh ɗaurawar. Ka tabbata wadda aka sayo ta samfurin babur ɗinka ce da shekararsa, don soket ɗin ba iri ɗaya ba ne. Ka bari injin ya huce, ka bari mai ya yi ƙasa a tanki don tanki cike yana da nauyi, ka cire kujera, ka kwance wayar batir ta negetib. Ka ɗaga tanki a hankali, tiyon mai yana da matsi ko bayan an kashe inji, don haka ka sa tsumma a bakinsa, kuma dan Allah banda sigari a kusa. Injin naka silinda biyu ne, nozul biyu. A kowacce zaka zare soket ɗin kamfani, ka cusa na na'urar a kan nozul, shi kuma na kamfani ka cusa shi a ɗaya bakin na na'urar, har sai kaji ya yi ƙas. Ka bi launin waya yadda takarda ta nuna kada na hagu ya koma dama. Haka zaka yi wa sansar totur, wato wadda ke gaya wa birenbos yadda ka murɗa totur, amma a nan ka buɗe ido, don wannan babur yana da sansa biyu a wurin masu kama da juna, ta babban totur da ta ƙaramin da birenbos ke sarrafawa da kanta, in ka jona wadda ba ita ba injin zai tashi lafiya amma lissafin duk ya rikice. Wayar at ɗin na'urar ka kai ta kai tsaye kan negetib ɗin batir, kada ka ɗaure ta a wani noti mai fenti. Ka bi da wayoyin ta jikin firam nesa da zafin inji, ka ɗaure su, ka tabbata tanki bai danne ko ɗaya ba in ka sauke shi. In kuma mai wayarin zaka kai wa, sharaɗi ɗaya ka kafa masa, kada ya yanke waya ko ya feƙe ta sai inda takarda ta ce, don mutanenmu hannunsu baya jin daɗi sai sun sa reza.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shine jadawalin man da zaka loda mata ta laftof da wayar USB. Tebur ne, gefe ɗaya juyin inji, gefe ɗaya kashin totur, kowane gida da lambarsa, 10 tana nufin ƙarin mai kashi 10 cikin ɗari a kan na kamfani, sifili kuma a bar shi yadda yake. Ni shawarata ka fara da jadawalin da duk sifili ne, ka tada, in babur ya yi yadda ya saba kuma fitilar FI, wato fitilar gargaɗin inji, bata kama ba, ka san wayarin ɗinka daidai ne. Ka duba a laftof totur yana nuna 0 in ka saki, 100 in ka murɗe shi duka. Sannan ka ɗauko jadawalin da ya fi kusa da salansarka daga shafin kamfanin. Kada ka karɓi na wani don yace nasa yana tashi sama. In babur ɗinka yana da sansar oksijin a jikin bututun hayaƙi, ka sani a ƙaramin gudu birenbos zata riƙa janye man da ka ƙara tana komawa 14.7 ɗinta, shi yasa wasu ke cewa sun saka basu ga canji ba, ka karanta abin da takardar ta ce a yi da sansar. Gyara na haƙiƙa a kan daino ake yinsa, injin gwajin nan da ake ɗora tayar baya a kan nadi ana auna hayaƙi, in baka samu ba akwai ƙarin na'urarsu mai suna Auto Tune da ke aunawa kana tafiya. Bayan 'yan kwanaki ka zare fulogi, fari fat mai ya yi kaɗan kuma wannan shi ke cin fistin da bawul, baƙi mai toka ya yi yawa, ruwan ƙasa shi ake nema.

TAMBAYA: Malam ni Boxer gareni ina kabu-kabu, naga ana tallar wani ɗan akwati a intanet wai yana rage shan mai, zai yi a nawa? Daga Maraɗi.

AMSA: Bazai yi ba ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Boxer ɗin da ake kawo mana kafireto ne, babu nozul balle inda za'a jona. Naka gyaran yana wurin jet da allura da sukurun iska, sai wanke iyakilina da cika iskar taya. Da yawa daga cikin akwatunan nan masu arha ma in ka fasa ɗan rezisto ɗaya ne a ciki.

TAMBAYA: Ina karatu a Indiya, na sayi KTM 390 Duke sabo, abokai suna ta saka PowerTRONIC, akwai matsala? Daga Bangalore.

AMSA: Aikinta kusan irin na Power Commander ɗin nan ne, kuma kamfanin da ke yinta, Race Dynamics, a garinku yake. Matsalarka garanti ce, in inji ya samu matsala dila ya ga an jona wani abu zai iya ƙin gyarawa kyauta. Ga kuma doka, Indiya ta tsaurara ƙa'idar hayaƙi tun Afrilun 2020, kuma dole ka riƙa sabunta takardar gwajin hayaƙi. Hukumomi basa wasa da wannan, a 2016 kamfanin babura na Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka saboda ya sayar da na'urorin canza lissafin man inji kusan 340,000. Ni dai da nine kai zan bari garantin ya ƙare tukuna.