Tambaya da Amsa: Tabar Siga Naɗin Hannu, Daga Yanka Zuwa Toka

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne kan siga, ƙatuwar tabar nan ta zallan ganye da ake naɗewa da hannu. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Malam, me ya raba siga mai daraja da ta inji? Ni a ido duk ɗaya nake ganinsu.

Amsa: Ido ba zai gaya maka ba, sai an fasa karan. Kowane kara hawa uku ne: ciko a tsakiya, maɗauri da ke riƙe cikon, sai riga a waje. A siga mai daraja, cikon dogayen ganyaye ne da suka miƙe daga kai har gindi, manaɗi ya ninke su yadda iska za ta sami hanya. Ta inji kuwa yankakken ganye ake dura mata, shi ya sa take ci da sauri, take zafi, tokarta ba ta tsayawa.

Cikon ma ba ganye iri ɗaya ba ne. Na saman shuka, wanda manoman Kuba ke kira ligero, ya fi shan rana, don haka ya fi ƙarfi da maiƙo, kuma ba ya saurin ci, sai a sa shi can tsakiya. Na tsakiyar shuka, seco, shi ke kawo ƙamshi. Na ƙasa, volado, ɗanɗanonsa kaɗan ne, aikinsa ya riƙe wuta. Yadda aka auna waɗannan uku shi ne sirrin kowace masana'anta. Kafin nan ganyen ya shafe makonni a rumfar shanya, sannan an jibge shi tsibi-tsibi ya gumu da zafin kansa, abin da ke fitar da gafi da warin amoniya. Idan ka ji kara yana tashin amoniya, bai gama hutawa ba, ka ajiye shi 'yan watanni.

Tambaya: Ina ganin ana rubuta 5 x 50 ko 7 x 47. Me ake nufi, kuma wanne ya dace da sabon shiga?

Amsa: Lambar farko tsawo ne da inci. Ta biyu kauri ne, ana raba inci ɗaya gida 64 a ƙirga. Kauri 50 ke nan bai kai inci ba, ya ɗan haura kashi uku cikin huɗu. Mai 5 x 50 shi ne Robusto, yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Mai 7 x 47 shi ne Churchill, wanda ya ci sunan tsohon firaministan Birtaniya, wannan sai ka ware masa awa ɗaya da rabi. Corona yana wajen inci biyar da rabi da kauri 42.

Sabon shiga ya fara da ƙaramin Corona ko Robusto mai sauƙin haɗi, irin mai riga fara-fara ta ganyen Connecticut, wanda ya ci sunan wata jiha a Amurka. Amma kada launi ya ruɗe ka. Baƙar riga, wadda ake kira maduro, sau da yawa zaƙi-zaƙi take bayarwa, ƙarfin kara kuwa daga cikonsa yake fitowa.

Tambaya: Duk lokacin da na yanke kan, sai rigar ta fara warwarewa a bakina. Karan ne ba kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, hannunka ne ya zarce. An rufe kan siga da 'yar hular ganye da aka manna da ƙaro marar ɗanɗano, ita ce ke riƙe ƙarshen rigar. Ka cire hular gaba ɗaya, ka kwance ɗaurin ke nan. Milimita 2 zuwa 3 kawai ake ɗauka, sama da kafaɗa, wato kafin inda kan ya gama lanƙwasa ya miƙe. Ka yi amfani da mayanki mai baki biyu, ka datse lokaci guda ba da inda-inda ba. Dakusasshen mayanki murƙushe ganye yake yi. Wanda hannunsa ke rawa ya nemi mahuji, wanda ke fitar da ɗan rami zagayayye a tsakiyar hular, ba ya taɓa kafaɗa.

Bayan yanka, ka ja iska ta cikin karan tun ba a kunna ba. Ya kamata ka ji ɗan turjiya kaɗan. Idan ya toshe, ka murza shi a hankali tsakanin yatsu ka nemo inda ya yi gudaji.

Tambaya: Gefe ɗaya ke ci ya bar ɗayan, kuma daga tsakiya sai ɗaci ya cika mini baki.

Amsa: Matsala biyu ce, amma gaggawa ce uwarsu. Cin gefe ɗaya yawanci tun daga kunnawa yake farawa. Ba a tsoma gindin siga cikin harshen wuta. Ka riƙe shi a karkace sama da wutar, kana juya shi har da'irar gindin ta gasu ta yi baƙi ko'ina, sannan ka kai baki ka ja sau biyu ko uku kana ci gaba da juyawa. Ka hura gindin ka duba: idan akwai wurin da bai yi ja ba, ka gyara shi tun yanzu. Laita mai iskar gas ko doguwar ashanar itace ake so, ita ma ashanar a bar kanta ya gama ƙonewa tukuna. Laita mai fetur da kyandir suna barin warinsu a ganye, kuma ba ya fita.

Ɗacin kuwa zafi ne. Zuƙa ɗaya a minti ta isa. Ka yawaita ja, garwashin ya yi zafi fiye da kima, kwalta ta taru a kai, ɗanɗanon itace da koko da barkono da kake nema ya koma ƙauri. Ka sassauta da yawa kuma, sai rigar ta mutu, cikon ya ci gaba da ci ta ciki kamar rami. Kada ka riƙa karkaɗe toka, bar ta ta kai wajen inci ɗaya, tana rage wa garwashin zafi. Idan ɗaci ya fara, ka hura iska a hankali ta cikin karan zuwa waje don korar tsohon hayaƙi. Masu neman ƙamshi sosai sukan tura ɗan kaɗan na hayaƙin ta hanci daga baki, nan ne rabin ɗanɗanon yake ɓoye. In ka gama, ajiye shi kawai ya mutu da kansa. Murje shi wari yake tayarwa.

Tambaya: Tunda ba a haɗiye hayaƙin, ashe ba ta da illa? Kuma me ya sa nake jin jiri?

Amsa: Tana da illa, kada kowa ya gaya maka akasin haka. Hayaƙin siga yana shigar da nikotin ta fatar baki ko bai kai huhu ba, kuma yana jawo kansar baki da maƙogwaro da maƙoshi, ga sabo. Babban kara ɗaya na iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Jiri da tashin zuciya da gumi alamar nikotin ya yi yawa ne. Ka ajiye karan nan take, ka sha abu mai zaƙi, ka fita iska. Kada a sha da yunwa.

Tambaya: Na ajiye kwali guda a durowa wata biyu, yanzu suna fashewa in na taɓa. Za su gyaru?

Amsa: Za su ɗan dawo, amma maiƙon da ya tafi ya tafi. Siga tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Selshiyos. Abin da akwatin adanawa, humido, ke yi ke nan, wanda ake shimfiɗe cikinsa da itacen sida don yana shan danshi yana saki. Busassun karanka kada ka jefa su cikin danshi 70 kai tsaye: cikon zai riga rigar kumbura, ta tsage. Fara da wajen 60, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni uku zuwa huɗu.

Sabon akwati sai an fara shayar da shi, in ba haka ba itacen zai tsotse danshin tabar. Ka sa ƙaramin kwano na tataccen ruwan tururi a ciki, ka rufe kwanaki har na'urar awon danshi da ke ciki ta tsaya wuri ɗaya. Ruwan famfo yana kawo fumfuna, gishirinsa kuma ya toshe abin da ke ba akwatin danshi. Ita ma na'urar awon tana ƙarya. Gwada ta haka: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa ya jiƙe amma bai narke ba, rufe shi tare da na'urar cikin leda mai zif kwana guda. Daidai shi ne ta nuna 75. Abin da ta ƙara ko ta rage, ka riƙe shi a lissafi.

Zafi ya fi bushewa haɗari. Da ya haura digiri 22 ko 23, ƙwan ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa. Alamarsa 'yan ramuka kamar hujin allura a jikin riga da gari mai laushi a ƙasan akwati. Ka zubar da masu huji, sauran ka ɗaure a leda: kwana ɗaya a firji, uku a firiza, ɗaya kuma a firji kafin su fito, don kada sauyin sanyi ya fasa su.

Tambaya: An kawo mini Cohiba cikin akwati mai murfin gilashi da araha. Ta gaske ce?

Amsa: Da wuya. Cohiba, shahararren samfurin siga na Kuba, wadda aka soma naɗawa a 1966, tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma akwati mai murfin gilashi tsohuwar alamar jabu ce. Duba hular: ta Kuba hawa uku ce a jere tsaf. Karan cikin akwati ɗaya su zo launi ɗaya, tsawo ɗaya. Kuma Kuba ba ita kaɗai ba ce. Ganyen yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río na Kuba ya yi suna da gaskiya, amma bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka na 1962, ƙwararru da yawa sun yi ƙaura da iri da sana'arsu, yau ga Estelí a Nikaraguwa da Santiago a Jamhuriyar Dominika suna fitar da siga ta gani ta faɗa. Idan kana son tabbaci kan naka, sadaukar da kara ɗaya, ka tsaga shi a tsaye da reza. Dogon ganye ka gani ko tarkace?