Ina kwafar misalan Python daga littafi, amma na kasa rubuta nawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na fara koyon Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, da wani littafi mai cike da misalai da abokina ya turo min. Idan na kwafi kod ɗin, wani ya yi aiki, wani kuma ya ƙi, sai jan rubutu mai nuna kuskure ya fito. Abin da ya fi damuna shi ne da zarar na rufe littafin sai kaina ya ɗaure, ko layi biyar ba na iya rubutawa. Littafin ne matsalar, ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zan fara da misalan da suke ƙin aiki, don su ne masu sauƙin magani. Duba shekarar da aka buga littafin. Python iri biyu ne: na 2 da na 3. Na 3 ya fito a 2008, kuma an daina kula da na 2 gaba ɗaya a farkon 2020, amma tsofaffin littattafai suna nan suna yawo daga waya zuwa waya. Idan ka ga an rubuta print "Sannu" ba tare da baka ba, na 2 ne, kuma Python ɗin yau ba zai karɓa ba. Akwai ma bambancin da ba ya fito da jan rubutu: 7/2 a tsohon yana ba da 3, a sabon kuma 3.5. Idan littafinka irin wannan ne, ajiye shi ka nemi sabo.

Matsalarka ta biyu ita ce babba. Littafin misalai kamar littafin girke-girke yake, an rubuta shi ne don wanda ya riga ya iya hura wuta da ɗora tukunya. Ko Python Cookbook na David Beazley da Brian Jones, bugu na uku na 2013, ya faɗa tun a gabatarwarsa cewa ba don mai farawa aka yi shi ba. Idan har yanzu kalmomin Python na farko irin su for da if da def suna rikita ka, fara da littafin da ke bin darasi daki-daki, kamar Automate the Boring Stuff with Python na Al Sweigart, wanda ake karantawa kyauta a intanet. Sannan ka dawo kan misalan.

Idan ka dawo, ka daina kwafa da mannawa. Rubuta kowane layi da yatsunka. Kafin ka sa shi ya yi aiki, ɗauki biro ka rubuta abin da kake zaton zai fito a allo. Inda zatonka ya saɓa da abin da ya fito, nan ne darasin yake, kada ka wuce sai ka gane dalili. Bayan haka ka lalata misalin da gangan: cire layi ɗaya, ko ka sa harafi inda ake jiran lamba. Jan rubutun da kake tsoro, karanta shi daga ƙasa, domin layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna maka layin da abin ya faru.

Abin da na fi matsa wa ɗalibaina shi ne su canza bayanan misalin zuwa nasu. Ɗauki misalin jera sunaye bisa haruffa, wanda kusan kowane littafi ke da shi. Da sunayen Turawa komai zai tafi daidai. Yanzu sa Audu, Ɗanjuma, Ƙasimu da Zainab. Za ka ga sorted, wato umarnin da ke jera abubuwa, ya kai Ɗanjuma da Ƙasimu can bayan Zainab, saboda yana jerawa ne da lambar da kowane harafi ke da ita a tsarin Unicode da kwamfuta ke gane haruffa da shi, kuma lambobin Ɓ da Ɗ da Ƙ sun fi na Z girma. Mai yiwuwa marubucin littafin bai taɓa cin karo da wannan ba, don haka da wuya ka sami amsar a shafinsa. Dole ka je ka binciko yadda key yake aiki, wato abin da ake ba sorted don ya bi tsarin da kake so, ka tsara jerin haruffan Hausa da kanka. Haka kuma idan ka yi ƙoƙarin adana sunayen a fayil a kan Windows, yana iya ƙi har sai ka ƙara encoding="utf-8". Ranar da ka warware waɗannan biyun, ka rubuta kod ɗin da babu shi a littafin.

Game da rufe littafi: ka gama misali yau, gobe ka buɗe sabon fayil ka sake rubuta shi da ka. Idan ka maƙale, leƙa layin da ka manta kawai, ka sake rufewa. Misali ɗaya a rana ya isa. In babu kwamfuta kullum, manhajar Pydroid 3 a wayar Android tana gudanar da irin waɗannan ƙananan misalan, ko babu data.