Ki duba saiwar okid ɗin kafin ki ƙara masa ruwa

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce kullum kina ba furen okid ɗinki ruwa saboda zafin Birnin Kebbi, amma ganyen sai yaushi yake yi, kina tambaya ko ki ƙara. Don Allah ki ajiye butar nan tukuna. Alamun sun fi nuna saiwa ce ta ruɓe, kuma ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa ko a Gulbin Kebbi aka tsoma ta.

Yawancin wanda ake sayarwa shi ne mai faffaɗan ganye, Falenofsis, ɗan asalin dazukan Indonesiya da Filifin. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar bishiyar. Ruwan sama ya jiƙa shi, iska ta busar. Ya zauna cikin laima kullum, shi ne ajalinsa.

Ki zare shi daga robar a hankali. Lafiyayyar saiwa tauri gare ta, fara-fara idan ta bushe, koriya shar idan ta sha ruwa. Wadda ta mutu takan yi ruwan ƙasa, ki matsa ta ki ji luɓus, ɓawon ya saluɓe ya bar wani siririn zare. Ki ƙona almakashi a wuta, ya huce, ki datse duk irin waɗannan. Ki tona tsakiya sosai, don masu raino kan cusa dunƙulen gansakuka a wurin, sama ya bushe alhali ciki sharkaf. A nawa da na 'yan uwa da na duba, nan ruɓar ta fi farawa.

Ƙasar lambu da takin shanu kam ba nasa ba ne, ko mai fulawa ya rantse miki. Ni gawayi nake farfasawa gutsi-gutsi, in haɗa da ɓawon kwakwa da na jiƙa na yi ta sauya ruwansa don gishirin ya fita, in zuba tsingaro a ƙasan tukunya. Tukunyar ta zama daidai saiwar, mai huji da yawa har a gefe. Kada ki binne gindin ganyen. Bayan dashen ki bar shi 'yan kwanaki ba ruwa, yankan ya kame.

Batun ban ruwa ba a yi masa jadawali a garin nan. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gawayin kan bushe da wuri. Da damina kuwa sai ya fi mako da laima. Ki soka tsinken tsire cikin tukunyar, ki zaro: in da danshi, ki ƙyale shi. In ya bushe, ki kwarara ruwa da safe ya tsiyaye tas. Wanda ya taru a tsakiyar ganye ki tsane shi da auduga, don yana ruɓar da zuciyar shukar. Ruwan sama ya fi. Na wasu burtsatse yakan bar farin gishiri a saiwa.

Da hunturu, saboda bushewar iska, ki ajiye shi kusa da randa, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Ganyen da ya yamutse da wuya ya miƙe gaba ɗaya, kada hakan ya dame ki. Sabuwar saiwa mai koren baki za ki sa wa ido, kuma takan ɗauki makonni. In kin zare shi, ki turo mana hoton saiwar mu gani.